Hom Tiyata, Amfilifayar Tokumbo ko Sifikar Sitidiyo: Wanne Ya Dace da Falonka a Jos?

Duk wanda ya shiga shagon kayan sauti a titin Ahmadu Bello ko kewayen Taminus, abu na farko da mai shago zai yi masa shi ne ya murɗa bolum har gilashin kanta ya soma rawa. Wannan gwajin ƙara kawai yake nunawa, ƙara kuwa daban, daɗin sauti daban. Kafin waƙa ta iso kunnenka tana ratsa abubuwa huɗu: yadda aka ɗauke ta tun farko, irin fayil ɗin da ta zo a ciki, na'urar da ke fitar da ita, da ɗakin da kake zaune. Wake ɗaya ke ɓata gari, kuma sau da yawa waken yana cikin memorin wayarka tun kafin ka je kasuwa.

Mu fara daga nan, domin gyaransa kusan kyauta ne. Faifan CD, wanda Sony da Philips suka fito da shi a 1982, yana ɗauke da sauti a kan 1,411 kbps, wato ma'aunin yawan bayanan sauti a kowace daƙiƙa. MP3 yana zubar da wani sashe na sautin don fayil ya ragu. A 320 kbps abin da aka zubar kaɗan ne, da wuya kunne ya bambanta shi da CD. A 128 kbps galibi an datse duk abin da ya haura 16 kHz, wato amo mafi kaifi na can sama, sai ka ji kacau-kacau da tafi suna fita kamar ana murza leda. A 64 kbps kuwa murya kanta ta fara nutsewa. Girman fayil zai gaya maka gaskiya: waƙar minti biyar a 320 tana kai 12 MB, a 128 kusan 5 MB, a WAV, fayil ɗin da ba a matse ba, kusan 53 MB, a FLAC, mai rage girma ba tare da zubar da komai ba, yawanci tsakanin 25 da 35. Idan mai turi ya zuba maka waƙar minti biyar ka ga 2 MB da 'yan kai, ka san an tatse ta. Akwai kuma yaudarar da ta fi wannan yawa, wato a ciro sauti daga YouTube ko daga bidiyon da ya sha yawo a WhatsApp a mayar da shi 320. Lambar ta ƙaru, fayil ya kumbura, amma abin da aka zubar ba ya dawowa. Manhajar Spek, wadda kyauta ce a kwamfuta, tana zana hoton sautin. In ka ga an yanke saman hoton ƙat a 16 kHz alhali an rubuta 320, to jabu ne.

Tsofaffin waƙoƙinmu kuma matsalarsu daban ce. Yawancin abin da ke yawo na makaɗan kalangu, kotso, gurmi da kukuma daga kaset aka kwafo shi, kaset ɗin ma kwafin kwafi ne, kuma kowane kwafi yana ƙara shuuu yana rage kaifin sauti. Mafi yawansu layi ɗaya aka ɗauka, babu hagu babu dama. Na'urar miliyoyi ba za ta ƙirƙiro abin da makirfo bai kama ba. Sai dai wanda yake da kaset na asali a ajiye yana da dukiya, kada ya bari a kwafe masa shi da gaggawa. A goge kan rikoda da auduga da sifirit, a duba belt ɗin idan sauti yana lilo, sannan a juya ɗan sukurun da ke gefen kan a hankali, kaset na tafiya, har inda murya ta fi fita tar. Wannan sukurun shi kaɗai yakan raba kwafi mai haske da wanda ake ji kamar an rufe mawaƙi da bargo. A ɗauka da manhajar Audacity a kwamfuta a matsayin WAV, 16-bit, 44.1 kHz, kada ƙololuwar sautin ta wuce -6 dB a ma'aunin ƙara na manhajar. Kuma a yi hattara da maɓallin cire hayaniya. Idan aka matsa masa, shuuu ɗin zai tafi, ya tafi da rabin muryar, sauran ya koma kamar ana waƙa a cikin randa. Gara a bar ɗan shuuu.

Waƙoƙin sitidiyo na yanzu nasu ciwon shi ne matsi. Mai haɗa sauti yana son waƙarsa ta fi ta kowa ƙara a wayar hannu da cikin Keke Napep, sai ya danne ta har wurin da ya kamata ya yi sanyi da wurin da ya kamata ya tashi su zama ɗaya. A ƙaramar sifika ba a lura. A sifika mai kyau kuwa kunne yana gajiya bayan waƙa uku. Ka san da wannan tun yanzu: na'ura mai gaskiya tana ƙara wa kyakkyawan ɗauka daɗi, tana kuma tona asirin mummuna.

To, na'urar.

Hom tiyata, wato ƙananan sifiku biyar da akwatin wufa mai fitar da bas, ita ce mafi yawa a gidaje, kuma ba a banza ba. Sabuwa ce fil a kwali, tana da Bluetooth, rediyo, ramin fulash da rimot, ka jona ka kunna. Ga fim da ƙwallo tana biyan buƙata. Ga kiɗa kuwa ginin ta ne matsalar. Ƙananan sifikun nan biyar galibi bakinsu inci biyu ne ko uku, ba sa iya sauka ƙasa da kamar 150 zuwa 200 Hz, ma'aunin kauri ko kaifin amo, sai a bar wa akwatin wufa duk abin da ke ƙasa da haka. Tushen muryar namiji yana tsakanin 85 da 180 Hz, daidai wurin da aka raba aikin. Sakamakon shi ne ƙirjin muryar yana fita daga ƙasan tebur, hancinta yana fita daga bango. Wufar kuma an yi ta ne ta yi dum-dum a kan amo ɗaya don ta burge mai saye. Kalangu kuwa magana yake yi, makaɗi yana matsa tsarkiya amo ya hau, ya saki ya sauka. Wufa mai amo ɗaya tana shafe wannan hawa da sauka, ka ji bugu amma ba ka ji abin da gangar ke faɗi ba. A ganina wannan babbar asara ce ga mai jin kiɗan Hausa. Ƙari a kan haka, kusan duk waƙa layi biyu ake haɗa ta, don haka sifiku biyar ɗin maimaita abu guda suke yi.

Lambar da ke jikin kwali ma kada ta ruɗe ka. PMPO, wato ƙatuwar lambar wat da ake rubutawa a kai, ba ma'auni ba ne da kowa ya yarda da shi, kowane kamfani yana rubuta abin da ya ga dama. Juya bayan na'urar ka karanta wutar da take ja daga soket. Abin da ke jan wat 60 ba zai fitar da wat 3,000 ba. Lambar da ake dogara da ita ita ce RMS, wato wat ɗin da na'urar ke iya bayarwa a kai a kai, tare da om (ma'aunin juriyar sifika ga wuta) ɗin da aka auna ta a kai.

Zaɓi na biyu shi ne tsohuwar amfilifaya ta tokumbo, wato na'urar da ke ƙara wa sauti ƙarfi, da sifiku biyu, irin su Technics, Pioneer, Yamaha, Sony, Kenwood, Denon ko Marantz, da akwatunan Wharfedale, Mission, Tannoy ko makamantansu. Tsohuwar zuma da ita ake magani, kuma ga wanda kiɗa ne damuwarsa nan na fi karkata. Akwati mai baki inci biyar zuwa takwas da twita, ƙaramin bakin da ke fitar da amo mai kaifi, a sama yana fitar da murya gaba ɗayanta daga wuri guda. Kuntigin marigayi Ɗan Maraya Jos tsarkiya ɗaya ce a kan gwangwanin kifi da aka rufe da fatar akuya. Duk rayuwar wannan sautin a tsakiya take, babu wani bas mai girgiza ƙasa a cikinsa. Sifikar da ta iya tsakiya za ta ba ka kartar tsarkiyar da numfashin mawaƙin, ko da ɗaukar tsohuwa ce.

Wat nawa ake buƙata? Ƙasa da yadda ake zato. Sifikar da aka rubuta mata 88 dB tana ba da wannan ƙarar ne da wat ɗaya tak a nisan mita ɗaya. Ninka wat sau biyu 3 dB kawai yake ƙarawa, kuma sai an ninka sau goma kunne ke jin kamar ƙara ta ninku. Saboda haka bambancin wat 50 da wat 100 ɗan kaɗan ne. A falo mai mita huɗu da biyar, wat 30 zuwa 50 na RMS a kowane gefe ya wadatar. Abin da ke ƙona twita ma galibi ƙaramar amfilifaya ce da aka murɗe ta ƙarshe: idan ta gaza, sai ta riƙa datse kan sautin, wannan datsewar ta zama kaushi mai zafi da ke tafiya kai tsaye cikin siririn kwail ɗin twita, wato wayar da aka naɗe a cikinta. Da zarar ka ji sauti ya fara tsagewa, rage.

Sai dai kayan tokumbo ba a sayensu da ido. Ga abin da za a duba, kuma ya fi kyau ka tafi da mai gyaran rediyo da mitarsa. Da farko karanta bayan na'urar. Wutarmu 230 ce, ta Turai ta dace. Ta Amurka 120 ce, ta Japan 100, idan aka jona su kai tsaye tiransifoma ta tafi nan take. Sai da na'urar rage wuta, wadda ƙarin kashe kuɗi ce da ƙarin gurnani. Kunna ta ba tare da sifika ba, ka saurari ɗan ƙas na rile, wato makunnin da ke kare sifika, bayan daƙiƙa kaɗan a irin waɗanda ke da shi. In bai yi ba, na'urar ta kulle kanta saboda wata matsala a ciki. A sa mita a kan DC, wato wuta irin ta batir, a bakin da ake ɗaura sifika, bolum a ƙasa. Ƙasa da milibolt 50 lafiya lau, abin da ya haura 100 yana neman gyara, in kuwa ya kai bolt guda ko fiye kada a ɗaura mata sifika sam, za ta dafa kwail. A leƙa ciki ta ramukan iska ko a buɗe murfi: kafasita, wato ɗan gwangwanin da ke tsaye a kan allon wuta, mai kumburin kai ko mai yoyo ta gama aiki, amma canza ta ba wuya. Ƙarar ƙaras-ƙaras idan ana murɗa bolum yawanci datti ne, feshin wanke maɓalli yana maganinsa, har ma hujja ce ta neman ragi.

Sifikun kuma a cire ragar gaba. Zoben da ke kewaye da bakin idan na soso ne yakan ruɓe da shekaru, taɓa shi kaɗan za ka ga yana marmashewa. Na roba ya fi daɗewa. Ɗora yatsu a kewayen tsakiya ka tura a hankali, daidai wa daida. In ka ji karta, kwail ya taɓa ƙonewa ko ya karkace. A mita, sifikar om 8 takan nuna 6 zuwa 7, ta om 4 takan nuna wajen 3, kuma biyun su yi kusa da juna. Kara kunne a kowace twita da ƙaramin bolum, don twita matacciya ita ce aibin da aka fi ɓoyewa da ƙarar shago. Ka lura kuma ko an taɓa canza bakin da wani na daban. Sukurori masu sabon tabo da baki biyu da ba su yi kama ba suna faɗin haka.

Kurakurai biyu ne suka fi yawa bayan an kai gida. Na farko jona wayar hannu a ramin da aka rubuta PHONO. Wannan na garmaho ne, an yi shi don sauti mai rauni ƙwarai kuma yana ƙara bas da gangan, don haka abin da zai fito ƙazamin ruri ne. A yi amfani da AUX, CD ko TAPE. Na biyu ɗaura sifiku huɗu a kan amfilifayar da aka yi don biyu. Om 8 biyu a haɗe sun zama 4, om 4 biyu sun zama 2, na'urar ta yi zafi ta mutu. Akwai na uku ƙarami: juya ja da baƙi a sifika ɗaya. Ba ya ƙona komai, amma bas zai ɓace, murya ta rasa tsakiya. Batirin 1.5 yana warware shakka, idan ka taɓa kansa mai alamar tarawa a jan baki, bakin sifikar ya kamata ya turo waje.

Zaɓi na uku sifikun sitidiyo ne masu amfilifaya a ciki, irin Yamaha HS5, JBL 305P ko KRK Rokit 5, waɗanda masu haɗa waƙa da sautin fim ke aiki da su, kuma a Jos, garin da ke da Hukumar Fina-finai ta Ƙasa da makarantarta, ba baƙi ba ne. Masu inci biyar suna sauka zuwa wajen 50 Hz, kuma wajen faɗin gaskiyar abin da aka ɗauka sun fi duk waɗanda aka ambata a baya a kuɗi ɗaya. An yi su ne don zama kusa, mita ɗaya zuwa biyu, saboda haka sun fi dacewa da ɗaki ko tebur fiye da babban falo. Kowace tana son soket nata, maɓallin bolum yana baya, babu rimot, kuma sai ka nemi kebul mai ƙaramin kai ɗaya da manyan kai biyu. Babban abin tsoro shi ne gyara. Tsohuwar amfilifaya kusan duk mai gyara a Dilimi zai iya buɗe ta ya canza abin da ya ƙone. Allon wutar sifikar sitidiyo idan ya tafi, wani lokaci sai an yi odar sa, sifikar na zaune tana shan ƙura. Su ne kuma mafi rashin yafiya ga fayil ɗin 64 kbps.

Hedifon fa? A kuɗi kaɗan babu abin da ya kai shi fitar da ƙananan abubuwan da ke cikin waƙa, domin ya cire ɗaki daga lissafi. Mai kebul, om 32 ko kusa, wayar hannu tana iya tura shi. Mai om 250 yana son ƙaramar amfilifaya. Jabu sun cika kasuwa, kuma jin kai kaɗai ne, ba za ka ji sallama a ƙofa ba. A kula da kunne: ƙa'idar masu kula da lafiyar ma'aikata ita ce 85 dB na awa takwas, kowane ƙarin 3 dB yana raba lokacin biyu.

Bluetooth ba dodo ba ne kamar yadda wasu ke ɗauka. SBC, tsarin aika sauti da kowace na'urar Bluetooth ke da shi, yana kaiwa 328 kbps, LDAC na Sony har 990. Illarsa ita ce yana sake matse abin da aka riga aka matse, don haka rauni a kan rauni ne ga mummunan fayil. Ƙaramin risiba na Bluetooth a ramin AUX yana mayar da amfilifayar 1985 ta zamani. Kebul ɗin sifika mai tsada kuwa ɓarnar kuɗi ne. Na jan ƙarfe zalla mai kaurin 1.5 mm² ya isa mita biyar, 2.5 ga abin da ya fi haka, ko na masu wayarin ne. Abin gudu shi ne alminiyam da aka shafa wa jan ƙarfe: kankare silin da wuƙa, in ya yi fari ka bar shi.

Wuta tana iya sauya zaɓin gaba ɗaya. Tsohuwar amfilifaya mai nauyi tana cin wat 20 zuwa 40 ko ba ta kiɗa, kuma a kan inbata mai arha wadda wutarta ba sumul take ba, ko ƙaramin janareto, tiransifomarta tana gurnani tana zafi. Wanda ke kan sola ya duba ƙananan amfilifayoyin zamani da ake kira Class D, masu ɗan guntun lantarki mai suna TPA3116. Suna aiki da DC daga bolt 12 zuwa 24, ba sa ɓarnar wuta, ana iya ba su kai tsaye daga batir da fiyus a tsakani. A bolt 12 kada ka sa ran fiye da wat 9 ko 10 a sifikar om 8, ko me aka rubuta a kwali. A 24 ne suke buɗe murya. Haɗa irin wannan da sifikun tokumbo masu kyau shi ne, a ganina, hanya mafi arha zuwa sauti na gaske a gidan da wuta ba ta zama. Ga mai wutar gari, sitabilaiza mai jinkirin kunnawa ta zama dole, domin dawowar wuta ce ke kashe kaya. Da damina, daga Afrilu zuwa Oktoba, tsawar Filato ba ta wasa, a zare fulogi idan hadari ya haɗu. Da hunturu kuma a rufe na'ura da ƙyalle in an kashe ta ta huce, ƙurar ce ke shiga maɓallai.

Saura ɗaki, wanda ya fi amfilifaya tasiri nesa ba kusa ba. Falon zamani mai tayil, silin POP da bango tsirara gidan amsa-kuwwa ne. Tsaya a tsakiya ka yi tafi ɗaya; in ka ji wani zirrr ya biyo baya, kalmomin waƙa za su riƙa hawa kan juna. Kafet mai kauri tsakaninka da sifiku, labule mai nauyi, kujerun kushin da kantar littattafai suna gyara mafi yawansa. Kowane ɗaki kuma yana da amon da yake kumburawa: raba 343 da ninki biyu na tsawon bango, ɗaki mai mita huɗu zai yi ruri a wajen 43 Hz. Tura sifika cikin lungu yana ƙara wannan rurin, a janye ta santimita 30 zuwa 50 daga bango. Tazarar sifikun biyu ta zama daidai da tazarar kowace zuwa inda kake zama, kamar mita biyu zuwa biyu da rabi, a ɗan karkato su su dube ka. Twita ta yi daidai da kunne. Wannan yana nufin rataye su can kusa da silin, kamar yadda aka saba, kuskure ne, kuma mai zama a kan darduma yana buƙatar su ƙasa fiye da mai zama a kujera. Kafinta a Katako zai yi maka ƙafafu biyu masu nauyi daidai tsayin da ka auna.

Idan fim da ƙwallo da yara ne suka fi amfani da falon, kuma ba ka son zirga-zirgar gyara, ɗauki hom tiyata, amma mai manyan sifiku biyu a gaba, ka rage wufar zuwa rabi. Idan kai mai zama ne ka saurari waƙa daga farko har ƙarshe, musamman ta gargajiya, sa fiye da rabin kuɗinka a sifiku biyu, kashi ɗaya cikin huɗu a amfilifaya, ragowar a sitabilaiza, kebul da kafet. Idan ɗaki ɗaya gare ka, ko kana taɓa haɗa sauti, kuma wutarka tsayayya ce, sifikun sitidiyo. Ɗalibi a hostel ya sayi hedifon mai kebul ya gyara fayilolinsa.

Ranar saye ka tafi da fulash ɗinka mai abu uku da ka sani sarai: karatu ko magana zalla ta namiji, waƙar kalangu ko kotso, da waƙar sitidiyo mai nauyin bas. Ka roƙi mai shago ya mayar da bas da tirebul tsakiya, ya kashe maɓallin LOUDNESS, ya sa bolum daidai yadda za ku iya magana ba tare da ɗaga murya ba. Fara da maganar, domin kunne ya fi sanin muryar mutum fiye da kowane kiɗa. In ta fito da toshewar hanci ko kumburin ƙirji, wuce. Idan kana gwada biyu, daidaita ƙararsu tukuna, don wadda ta ɗan fi ƙara kullum ita ke kama da mafi kyau. Sannan ka bar amfilifayar tana aiki minti ashirin, ka ɗora hannu a murfinta, ka sake sauraron gefen hagu da na dama ɗaya bayan ɗaya, saboda wasu aibobin sai ta ɗumama suke fitowa.